Yadda za ku ziyarci Kogon Batu a Malesiya ba ku dawo da hoto kaɗai ba

Duk baƙon da ya sauka gidanmu a Kuala Lumpur, da zarar gajiyar jirgi ta sake shi, wurare biyu yake tambaya: tagwayen benayen Petronas, da "wurin gunkin nan mai ruwan zinariya" da ya gani a waya. Na farkon ba ya buƙatar wani shiri, a tsaya a ƙasa a ɗaga kai, an gama. Na biyun ne ke son dabara. Wanda ya tafi kai tsaye ba shiri, zai isa rana ta take, ya tarar da motocin 'yan yawon buɗe ido sun juye mutane, ya yi hoto a gindin gunkin yana zufa, ya juyo gida yana cewa ai ba wani abu ba ne. Gaskiyarsa, don bai ga komai ba. Gunkin a bakin ƙofa yake tsaye. Abin da ya sa aka kafa shi a wurin yana can sama, bayan matakala 272.

Ku fara sanin wane ne kuke kallo, don kada ku riƙa ce masa Buddha kamar yadda na ji baƙi da yawa suna yi. Murugan ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mabiya addinin Hindu, kuma 'yan ƙabilar Tamil sun fi kowa riƙo da shi. A wurinsu ɗan Shiva ne da Parvati, ɗan'uwan Ganesha mai kan giwa, abin hawansa ɗawisu, makaminsa mashi mai faffaɗan kai da suke kira vel. Shi ne mashin da za ku gani tsaye a gefen damansa, hannun hagunsa kuma a kugu. Tamil ɗin Malesiya galibi jikokin waɗanda Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya ne don aikin gonakin roba da shimfiɗa layin dogo, kuma wannan dutse shi ne babban wurin taruwarsu a ƙasar.

Tsayin gunkin mita 42.7 ne. Shekara uku aka yi ana aikinsa, da hannun masu sassaƙa da aka ɗauko daga Indiya, aka buɗe shi a watan Janairun 2006. Tambayar da ba ta taɓa wuce ni ita ce, "Wai duk zinariya ce?" A'a. Kankare ne da rodi, rodin kaɗai tan 250, sai fenti mai ruwan zinariya lita 300 da aka shigo da shi daga Tailan. Ya daɗe yana riƙe da kambun gunkin Murugan mafi tsayi a duniya, har 2022 da aka buɗe wani a yankin Salem na jihar Tamil Nadu a Indiya wanda ya ɗara shi da kaɗan. Wasu masu yi wa baƙi jagora har yanzu suna faɗin tsohon labarin, ba sai kun yi musu da su ba.

Akwai maganar da gara a yi ta tun a gida, kafin a sa takalmi. Wannan wuri ba gidan tarihi ba ne da aka daina amfani da shi. Wurin bauta ne mai rai, kullum ana ibada a cikinsa. Cikin baƙina akwai waɗanda suka ce su zuciyarsu ba ta kwanta da zuwa ba, ban taɓa matsa wa kowa ba. Akwai waɗanda suka je suka tsaya a fili, akwai waɗanda suka hau har sama don ganin kogon, wanda shi ba hannun mutum ne ya yi shi ba. Wani kawuna da ya zo jinya ya bi mu har bakin matakala, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ke 'yar nan, ku je ku dawo, ni ga mai kwakwa can." Muka bar shi a inuwa da kwakwarsa da carbinsa, muka dawo muka tarar ya yi abota da mai shagon. Kowa ya yanke wa kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya je gidan wasu ya yi musu ba'a.

Lokaci shi ne rabin tafiyar. A Kuala Lumpur gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe bakwai, don haka ku yi sallar asuba, ku karya da abu mara nauyi, ku fito. Ku yi ƙoƙari bakwai da rabi ta same ku a gindin matakala. A lokacin iska da sauran sanyi, masu ibada ne suka fi yawa, birai ma ba su gama saukowa ba. Daga ƙarfe tara zuwa goma manyan motoci ke fara jerowa, zuwa sha ɗaya kuwa zafi da gumi sun isa su sa mutum ya tsani kansa. Da yamma ruwa ne abin tsoro, irin mai zuwa da tsawa ba sallama, matakalar kuma idan ta jiƙe santsi gare ta. Ku guji Asabar da Lahadi da ranakun hutu in da hali.

Hanya mafi sauƙi jirgin ƙasa ce. Ku je babbar tashar KL Sentral ku nemi layin KTM Komuter, ku hau jirgin da aka rubuta wa Batu Caves a goshi. Nan ce tasha ta ƙarshe, ba fargabar a wuce da ku. Tafiyar ba ta wuce minti talatin zuwa arba'in, kuɗinta 'yan ringgit kaɗan, kuma katin biyan kuɗin sufuri na Touch 'n Go yana aiki. Matsalarsa ɗaya, ba ya zuwa a kai a kai kamar sauran jiragen cikin gari, idan ya kuɓuce muku za ku zauna jira mai tsawo. Ku duba jadawalin tun da dare. Mata su lura da taragon da aka yi wa alama da ruwan hoda, nasu ne su kaɗai, maza kuma su kula kada gaggawa ta jefa su ciki. Idan kuna da yawa ko akwai tsoho a cikinku, ku kira motar haya ta manhajar Grab. Wurin yana gundumar Gombak a jihar Selangor, kimanin kilomita 13 arewa da tsakiyar birni, da safe kuma cunkoson masu shiga gari ne, ku fita kuke yi.

Wanda ya zo ta jirgi, abin da zai fara cin karo da shi wani koren gunki ne mai fuskar biri, tsayinsa mita 15. Hanuman ke nan, wani abin bautar Hindu, ba shi kuka zo gani ba. Kusa da shi akwai wani kogo da ake biyan kuɗin shiga, an cika shi da mutum-mutumi masu ba da labarin Ramayana, wani tsohon labarin addinin Hindu, da fitilu kala-kala. Ku bar shi sai kun sauko, in da sauran ƙarfi. Ku bi gefen dutsen 'yan mintuna, fili zai buɗe, ga tantabaru, ga masu saƙa furanni, ga gunkin Murugan kuma a tsaye. Babban kogon kyauta ake shiga. Duk wanda ya tare ku a hanya da maganar tikitinsa, ku wuce abinku.

Hoton gunkin ba a gindinsa ake yi ba. A can sai ƙafafu da ƙasan haɓa za ku samu. Ku ja baya har kusa da ƙofar shigowa fili, inda gunkin da matakalar da koren dutsen za su shiga tare. Ku yi shi yanzu kafin hawa, fuska ba ta narke ba.

Batun sutura, dokarsu ita ce a rufe gwiwa da kafaɗa, kuma akwai masu tsaro a gindin matakala da ke mayar da mai gajeren wando ko siket ta je ta sayi zani ta ɗaura. Mu wannan ba ya damunmu, tamu matsalar ta yawan tufa ce. Abaya mai jan ƙasa a kan matakala mai tsayi haɗari ce, musamman wajen saukowa, lokacin da na bayanki zai iya taka miki ita. Ki sa wadda ta tsaya a idon sawu, ko doguwar riga da wando a ciki, da hijabi mara nauyi wanda ba ya lilo. Maza su bar babbar riga a gida. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, mai sauƙin cirewa, domin za a cire shi a wasu wurare. Jaka kuma ta goyo, mai zik, hannu biyu a sake.

Wannan maganar jakar saboda birai ce, kuma ita ce wadda baƙi suka fi rainawa. Ƙanana ne masu dogon jela, suna zaune a kan hannun matakala kamar ba ruwansu, amma sun san ƙarar leda fiye da yadda kuke zato. Na ga wata baiwar Allah a gabana, ta sayo furanni da ayaba a farar leda za ta kai sama. Wani babba daga cikinsu ya bar ta ta wuce shi, ya diro ta baya, ya kama ƙasan ledar da hannu ɗaya ya tsaga. Ayabar ta gangaro, ya cafe biyu, ya koma kan ginshiƙi ya ɓare ɗaya a tsanake yana kallonta, bawon ma sai da ya jefo. Ita kuwa tana tsaye da hannun leda a yatsa. Don haka kada ku riƙe leda, ko da takalmi ne a ciki. Gorar ruwa ta zauna a jaka, in za ku sha ku duba gefe da gefe tukuna, sun iya kwance murfi. Tabarau da waya a riƙe su da kyau. Kada ku zuba musu ido cikin ido, kada ku yi musu dariya haƙora a waje, a wurinsu neman faɗa ne. Idan biri ya kama abu, ku sakar masa, jayayya ce ke kawo cizo. In kuwa an samu cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti goma sha biyar, a tafi asibiti a ranar, kada a ce ai ɗan kaɗan ne. Kuma don Allah kada ku ba su abinci don yara su ji daɗi, masu ba su ne suka lalata su.

Hawan kansa ba gasa ba ce. Matakalar a miƙe take, takunta ba faɗi, amma akwai wuraren hutawa a tsakani. Ku kama gefe ɗaya kusa da abin riƙewa, ku hau ashirin ko talatin ku tsaya. Mai lafiya yana gamawa cikin minti goma zuwa sha biyar ba tare da ya wahala ba. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini da bai daidaita ba, mai ciki da ta yi nauyi, da wanda gwiwa ke damu, su zauna a ƙasa, kuma su sani saukowa ta fi cin gwiwa. Launukan nan na bakan gizo da suka sa wurin ya cika intanet ba tsofaffi ba ne, a 2018 aka shafa su, har aka yi 'yar takaddama da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar kan ko an nemi izini. Daga nesa suna da kyau, ba ƙarya. A kusa kuwa fenti ne da ƙafafu suka cinye, da kashin tantabara. Abin da ya fi su shi ne waiwaye. Duk inda kuka tsaya hutawa, ku juya. Gunkin da ya rufe muku sama ɗazu zai riƙa saukowa, ku wuce kugunsa, ku zo daidai kafaɗarsa, har ku ga ƙeyarsa da bayan kambunsa, birnin kuma ya shimfiɗu a gabansa. Wannan gefen ba ya cikin hotunan da kuka gani.

Da kun shiga bakin kogon iska za ta canja. Sanyi-sanyi, danshi, ƙamshin turaren tsinke da kafur a gauraye da warin jemage. Za ku ɗan gangara zuwa wani fili mai faɗi, rufinsa kusan mita 100 a sama, duwatsu na reto daga can kamar za su faɗo, ruwa yana ɗiga a ka jefi-jefi. Masana sun ƙiyasta shekarun wannan dutsen farar ƙasa da kimanin miliyan 400. Mutanen asalin yankin, Temuan, sun san kogunan tun da daɗewa. A shekarun 1860 manoma 'yan ƙasar Sin suna haƙar kashin jemage a ciki don takin lambu. Wani Ba'amurke masanin dabbobi, William Hornaday, ya bayyana wurin ga Turawa a 1878. Sai wajen 1890 wani attajiri Batamile, K. Thamboosamy Pillai, ya ga bakin kogon ya yi masa kama da kan mashin Murugan, ya kafa wurin bauta a ciki. Kafin a yi matakalar katako a 1920, da hannu da ƙafa ake hawa dutsen. Ku tuna da wannan lokacin da kuke haki.

Yawancin mutane a wannan fili suke juyawa. Ku kada ku juya. A can ƙurya akwai wasu 'yan matakala kuma, ku daure ku hau su. Za ku fito wani wuri da rufin ya rufta tun zamanin da, ya bar rami a buɗe. Bango ya kewaye ku ta ko'ina, bishiyoyi da saiwoyi sun maƙale a jikinsa, haske yana zubowa daga sama, zakaru na yawo a ƙasa suna cara. Ni a ganina nan ne wurin da ya cancanci kuɗin jirgin da ciwon ƙafar. Ku samu gefe ku tsaya minti goma ba waya a hannu.

Idan kun dace da lokacin ibadarsu za ku ji ƙararrawa da ganga, da wata doguwar busa mai kaifin murya wadda duk wanda ya san algaita zai waiga. Ladabin wurin ba shi da wuya. Duk inda kuka ga takalma a jere, iyaka ce: ko ku cire naku, ko ku tsaya daga waje, kuma daga wajen ma ana ganin komai. Kada ku ratsa tsakanin mai ibada da abin da yake fuskanta. Masu hidimar wurin, waɗanda za ku gani da zani a kugu ba riga, suna shafa wa mutane farar toka a goshi, wani lokaci su ɗaura zare a hannu. Idan an miƙo muku, ku dafa ƙirji ku ɗan girgiza kai da murmushi. Sun saba, ba wanda zai ji haushi, ba kuma sai kun yi dogon bayani ba. Hoton gini da dutse ba laifi, amma kada ku kafa wa mai addu'a kyamara a fuska. Sannan abin da na fi jan kunnen 'yan'uwa a kai: kada ku dogara da cewa ba mai jin Hausa a wurin. Ba a jin kalmar, amma ana ganin nuni da baki da ƙyaƙyatawa.

Za ku iya cin karo da jariri an yi masa aski tas an shafe kan da wani abu rawaya, garin itacen sandal ne, ko ma'aurata sun rataya zani a jikin rake sun saɓa a kafaɗa, jariri na kwance a ciki suna hawa da shi. Alwashi suke cikawa, galibi na samun haihuwa. Ku ba su hanya.

Duk wannan a ranar da babu biki ke nan. Bikin Thaipusam wani abu ne daban. Yana faɗowa a watan Thai na kalandar Tamil, tsakanin Janairu da Fabrairu, lokacin cikar wata, kuma tun 1892 ake yin sa a nan. Suna tuna ranar da, a imaninsu, Parvati ta ba Murugan mashin da ya yaƙi wani mugun aljani mai suna Surapadman. Ana fito da keken azurfa daga haikalin Sri Mahamariamman da ke tsakiyar Kuala Lumpur da dare, jama'a na biye da shi a ƙafa har gindin dutsen. Masu alwashi sukan yi kwanaki suna kame kai daga nama da sauran abubuwa, su yi wanka a kogin Batu, su sa rawayen kaya, su hau ba takalmi. Mafi yawansu tulun madara suke ɗauka a ka. Wasu kuma suna ɗaukar kavadi, wani babban firam da aka ƙawata da gashin ɗawisu, wasunsu da ƙugiyoyi a fatar baya ko siririn ƙarfe ya ratsa kumatu, 'yan'uwansu na kewaye da su suna amsa "vel, vel". Mutane dubu ɗaruruwa ke taruwa, ranar hutu ce a Kuala Lumpur da Selangor, jiragen KTM kan kwana suna jigila. Shawarata, idan zuwanku na farko ne, ko kuna da yara ko tsofaffi, kada ku zaɓi ranar. Ba za ku ga kogon ba, ƙila ma ba za ku kai matakalar ba, kuma 'yan kallo suna ƙara wa masu ibada matsi ne kawai. Mai son ganin wani abu daga ciki ya je 'yan kwanaki kafin bikin, lokacin da masu gudun cunkoso ke zuwa cika nasu alwashin, akwai madara, akwai ganga, akwai kuma wurin sa ƙafa.

Wajen saukowa ku bi a hankali, ku riƙe ƙarfe, idan jiri na ɗibar ku ku kalli takun da ke gabanku kawai. Hoto a tsakiyar matakala a yi shi a wurin hutawa, ba inda mutane ke wucewa ba.

A ƙasa akwai bandaki na biya, ku riƙe canji, kuma gara a shiga kafin hawa. Ruwan kwakwa da ake fasawa a gabanku ya fi kowane lemo bayan wannan zufar. Gidajen abincin da ke kewaye da filin yawancinsu na marasa cin nama ne: tosai mai faɗi da miyar wake, shinkafa a kan ganyen ayaba, shayi mai madara. Wanda ba ya ci sai inda ya ga tambarin halal na hukumar JAKIM, ya haƙura ya koma gari, ba nisa. Ku riƙe takardun ringgit ƙanana, ba kowane mai tebur ke karɓar kati ba. Tun da kuka sauka da safe ya kamata ku ɗauki hoton jadawalin komawa a tasha, sai ku auna zamanku da shi. Masu Grab kuma sun fi son ku fito bakin titi wajen ƙofa. Awa biyu zuwa uku sun isa komai, azahar a Kuala Lumpur sai bayan ƙarfe ɗaya, kuma akwai ɗakin salla a KL Sentral, ku nemi alamar da aka rubuta surau.